Zuwa ga Uwata a Birmingham

Unguwar Rimi, Kaduna
9 ga Nuwamba, 2025

Uwata,

Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya ɗauke, hazo ya fara leƙowa da safe, Mamanki har ta ciro barguna ta shanya.

Na ga ya fi in rubuto miki da hannuna, in ba Hajiyar da za ta zo ganin jikokinta ta taho miki da ita tare da ƙullin kayan miya, domin maganar da ke cikina ba ta waya ba ce. A waya kowa turo fuskarsa yake yi, ƙannenki na fizga, mu yi ta "ya sanyi, ya karatu", ke kuma ki yi ta "lafiya lau, alhamdu lillahi" har data ta ƙare. Tun da kika sauka a watan Satumba amsarki ke nan. Amma Mamanki ta lura cewa a cikin ɗakinki ma da rigar sanyi da hula kike zama. Ni kuma na lura ba ki taɓa cewa kuɗi sun ƙare ba, alhali na san abin da na tura, na san kuɗin hayarki, kuma wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da akanta a Kaduna Poly ba ya buƙatar a faɗa masa abin da ya rage. Hita kike kashewa don ki rage kuɗin wuta, Uwata. Wataƙila har da abinci kike ragewa.

Mu muka raine ki a kan kara da kawaici, kuma ba na nadamar haka. Sai dai a gida wannan hali yana da masu karanta shi. Idan kika yi shiru a tsakar gidan nan, kafin azahar Gwaggonki ta gane, kafin la'asar ta aiko da kwano. A inda kike babu mai karanta shirunki. Malaminki, mai gidan hayarki, likita, ofishin kuɗi na jami'a, dukkansu idan ba ki yi magana ba sai su ɗauka komai daidai yake. Ba mugunta ba ce, haka tsarinsu yake: wanda ya yi magana da wuri, a rubuce, shi ake saurara. Wanda ya bari sai da wa'adi ya wuce, ko da gaskiyarsa, doka ce za ta amsa masa.

To bari ni in fara, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Kuɗin biza fam 524, da kuɗin asibiti da ake biya tun kafin a tafi, fam 776 a kowace shekara, da tikiti, da kason farko na kuɗin makaranta, duk daga filin Rigachikun suka fito, na haɗa da abin da ya rage na garatutina. Kaso na biyu zai faɗo a watan Janairu. A yau da nake rubutun nan ina da kusan kashi uku cikin huɗu nasa a hannu. Na sa rai masarar gona za ta cike giɓin, sai ga shi bana an sayi taki da tsada, masara kuma ta faɗi warwas, ba zan sayar yanzu in yi asara ba. Kawunki ya yi alkawarin ba da rance zuwa bayan azumi, kuma kin san shi ba ya magana biyu. Kuɗin hayar shagon Kawo shi ne na cin abincinki, ba mu taɓa shi, kada ki yi tunanin daga bakin ƙannenki ake cirewa. Na faɗa miki wannan ne don ki daina ƙiyasi a zuciyarki. Wanda yake ƙiyasi kullum abin ya fi yi masa muni fiye da yadda yake.

Abin da nake tsoro ba rashin kuɗin ba ne, jinkirin isarsu ne. Fom A da ake cikewa a banki don biyan kuɗin makarantar waje wani lokaci ya fita da sauri, wani lokaci ya kwanta, kuma fam ɗaya yanzu yana wasa ne kusa da naira 2,000. Kina dai tune da yadda abin ya faru. Kafin Babban Banki ya saki naira a watan Yuni na 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Iyayen da suka tara kuɗin shekara guda cif suka wayi gari abin da ke hannunsu bai kai na zango ɗaya ba. A watan Mayu na 2024 ne aka ji labarin ɗalibanmu na jami'ar Teesside da ke Middlesbrough, waɗanda suka kasa biya a kan lokaci, aka rufe musu shafin karatu, aka kai sunayensu ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, wasu aka ce su bar ƙasar. Ba malalata ba ne, wasunsu saura kaɗan su gama. Ki sani, bizarki a jikin jami'a take rataye. Ranar da jami'a ta janye hannunta, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya tattara.

Saboda haka ga abin da nake so ki yi a cikin makon da takardar nan ta iso. Ki rubuta wa ofishin kuɗi na jami'a, ki ce kuɗinki daga Najeriya suke zuwa, ta banki, kuma akwai yiwuwar kason Janairu ya yi jinkiri ko ya zo a rarrabe. Ki tambaye su ko suna da tsarin biya kaɗan-kaɗan, da sharuɗɗansa. Ki adana amsar. Wannan ba roƙo ba ne, ba kuma tonon asirin gidanku ba ne. Ma'aikatan nan aikinsu ke nan, ana biyansu albashi don su karanta irin wannan saƙo. Ki kuma tambayi ofishin kula da ɗalibai ko akwai asusun agaji na wanda ya shiga matsi, ki san ƙofar tun ba ki buƙace ta ba.

Sai maganar aiki, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Na ji kin ce wa Mamanki ana neman masu kula da tsofaffi, kuma da horonki na jinya ba za ki sha wahalar samu ba. Na amince, ki yi. Aikin halal ne, kuma wanda ya ɗaga tsoho ya gyara masa shimfiɗa bai faɗi ba a wurin Allah, ko wane ne tsohon. Amma awa 20 ne a mako lokacin da ake karatu, daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirgawa, kuma ba a cewa na yi 10 wancan mako bari in yi 30 a wannan. Duk abin da aka biya ki yana shiga rijistar haraji da lambarki, suna gani. Za a zo miki da shawara, kuma ɗan'uwanki ɗan Najeriya ne zai kawo ta, da fuskar tausayi: ki ƙara dare biyu a biya ki a hannu, ko ki yi aiki da sunan wata. Ki ce a'a, ko da kuwa a ranar babu ko fam biyar a jakarki. Ki kira ni. Gara in sayar da masarar nan a kan asara da a soke miki biza saboda kuɗin dare biyu. Lokacin rubuta kundin digiri a bazara ma kada ki ɗauka hutu ne, jami'o'i da yawa suna lissafa shi cikin zangon karatu. Ki tambaya, a ba ki amsa a rubuce.

Akwai wani tarkon da 'yan matanmu suka fi faɗawa, domin a wurinmu ba laifi ba ne, abin yabo ne ma. Bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai. Ke nan lalle da kitso na kuɗi, dafa abincin suna a biya ki, sayar da abaya ko turare ta Instagram, duk kasuwanci ne a idon dokarsu. Na san hannunki da lalle, na san za a yi ta roƙonki da sallah. Ki yi wa ƙawayenki kyauta don zumunci, amma kada ki sa farashi, kada ki buɗe shafi.

Asusun bankinki kuwa ki riƙe shi kamar mutuncinki. Duk wanda ya ce zai turo kuɗi cikinsa ki cire ki miƙa wa wani a ba ki lada, ko ya ce zai ba ki fam ki sa a biya shi naira a nan da farashi mai daɗi alhali ba ki san asalin kuɗinsa ba, ki rabu da shi. Idan kuɗin zamba ne, sunanki ne a jiki. Za a rufe asusun, a sa miki alamar da za ta bi ki har shekara 6, kuma laifin yana iya kaiwa gidan yari. Haka nan idan aka kira ki a waya aka ce daga hukumar shige da fice ne, ki biya tara yanzu ko a kore ki, ki kashe wayar. Hukuma ba ta karɓar tara ta waya.

Mu koma ɗakin nan naki. Ki kunna hita. Na ƙara abin da zan riƙa turowa tun daga wannan wata saboda haka kawai, kuma ban yarda ki karkatar da shi wani wuri ba. Ɗakin da ba a ɗumamawa a ƙasar nan bango yake jiƙewa, fumfuna baƙa ta fito a kusurwa da bayan kabad, ita kuma ƙirji take kamawa, kin fi ni sani. Ki riƙa buɗe taga na ɗan lokaci kowace safiya ko da ana sanyi. In kin ga fumfunar ki ɗauki hoto ki tura wa mai gida, kada ki tsaya gogewa kina shiru. Ki duba ko ya ba ki shaidar cewa kuɗin ajiyar da kika ba shi ya sa su a asusun kariya da doka ta tanada, domin kwana 30 aka ba shi ya yi hakan, kuma da wannan shaida za ki karɓi kuɗinki ranar tashi. Idan takardar harajin ƙaramar hukuma ta zo, kada ki firgita, kada kuma ki jefar. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biya, amma sai ya kai shaidar jami'a.

Mamanki ta sa miki turaren wuta a ƙullin, na hana ta sa kasko da gawayi. Kada ki hura gawayi a rufaffen ɗaki ko sau ɗaya, iskarsa kisa take yi ba tare da wari ba. Ki nemi ɗan kaskon lantarki, ki sa kaɗan, taga a buɗe, in ma yarjejeniyar hayar ta yarda. Kuma kome na'urar hayaƙin nan ta silin ta dame ki da ƙara, kada ki rufe ta da leda ko safa kamar yadda na ji wasu suna yi. Buta kuma ki yi amfani da ita a hankali. Daɓensu katako ne a ƙarƙashi, ruwan da kika zubar a bayan gida a kan maƙwabcin ƙasa yake sauka.

Tun ranar 26 ga Oktoba da suka mayar da agogo baya kin koma bayanmu da awa ɗaya, shi ya sa kiran Mamanki na asuba ya zama tashin hankali a gare ki, na yi mata bayani. Duhun da kike gani yanzu somin taɓi ne. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba za su taru miki cikin awa huɗu, tsakiyar lokacin darasi. Ki nemi ɗakin salla na jami'a tun yanzu, ki riƙa fita da alwala, ki sa safa mai kauri. A jadawalin wasu masallatan za ki ga la'asar biyu, saboda yawancin mutanen Pakistan da Bangladesh Hanafawa ne, tasu tana jinkiri. Ta farko ita ce tamu. Azumi kuwa bana ya zo miki da sauƙi, tsakiyar Fabrairu zai kama, yinin bai fi namu tsawo ba.

Wannan duhu yana taɓa jiki, yana taɓa zuciya. Hukumar lafiyarsu da kanta tana ba kowa shawarar shan sinadarin bitamin D, maikirogiram 10 a rana, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, masu baƙar fata da masu rufe jiki kuwa duk shekara. Ke kin haɗa biyun. Ki yi rajista da likitan unguwa yanzu da kike lafiya, kin riga kin biya kuɗinsa. Idan kuma kika ga barci ya ƙi, ko ya yi yawa, abinci ya fita ranki, kuka yana zuwa ba dalili, karatu ya ƙi shiga, to ki gaya mana, ki gaya wa likita. Kada wani ya ce miki raunin imani ne. Ki yi addu'a, ki riƙe azkar ɗinki, ki kuma je asibiti, kamar yadda kike gaya wa masu hawan jini a nan.

A ƙullin akwai kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da kanwa. Kilishi da dambun nama da man shanu da kika roƙa ba za su zo ba, dokarsu ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ba zan jefa baiwar Allah cikin matsala a filin jirgi ba. An ce shinkafarsu mai gajeren ƙwaya, wadda suke dafawa da madara, tana yin tuwo sosai. Ki dafa miya mai yawa ran Lahadi ki rarraba a firiza. Aldi na nan kusa da ku a Selly Oak, nama kuma ki shiga bas zuwa Coventry Road a Small Heath, inda shagunan Somaliyawa da Yamalawa da 'yan Pakistan suke jere. In kin je ki tsaya ki yi salla a masallacin Green Lane, ki zauna cikin mata, ki gaisa. Mutum yana buƙatar inda za a san fuskarsa, a tambaya in ba a gan shi ba.

Kin ce wadda kuke raba kicin da ita 'yar Kafanchan ce, kuma kuna gaisawa sama-sama. Uwata, ki matsa kusa da ita. An haife ki bayan rikicin Fabrairun 2000, kin buɗe ido kin tarar da gari a rabe, mu a wannan hayi, su Sabon Tasha da Barnawa da Television a wancan, har ya zame muku kamar haka Allah ya halicci Kaduna. Ba haka muka same ta ba. A layin nan namu da maƙwabta Kiristoci muka zauna, su suka kai Mamanki asibiti daren haihuwar yayanki ina Zariya. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ke a can, wannan yarinya ce mafi kusa da ƙofarki, kuma ita ce ta san abin da ake nufi da kunun tsamiya. Ki zuba mata tuwo ranar da kika tuƙa. Asibitin da kika yi horo a cikinsa ma sunan wa yake ɗauke da shi? Dakta Barau Dikko, mutumin Wusasa, Kirista, likita na farko daga Arewa, kuma a jami'ar nan taku ta Birmingham ya yi karatu, a zamanin da sai an yi kusan mako biyu a jirgin ruwa daga Legas zuwa Liverpool, wasiƙa ma haka. Ya gama ya dawo ya yi wa mutanensa aiki, har yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Idan kin bi ta gindin doguwar hasumiyar agogon nan ta tsakiyar makarantarku, ki tuna wani ɗan ƙasar Zazzau ya riga ki bi ta wurin.

A aji kuma ki buɗe baki. Malamin da ya ce ki kira shi da sunansa, ki kira shi, ba raini ba ne a wurinsu. Ki dube shi in yana magana, ki yi tambaya, ki ce ban gane ba. Suna da awannin da suke zama a ofis don ɗalibai kawai, ki riƙa zuwa. Duk jimlar da ba taki ba ki faɗi mai ita, kada ki ba wani aikinki ya duba a kwamfutarsa, kada ki sa manhaja ta rubuta miki. In rashin lafiya ko wata larura ta tare ki, ki nemi ƙarin lokaci kafin ranar miƙa aiki, ba bayanta ba. Kuma ana ɗaukar sunan masu halarta, ana kai rahoto, kada aikin dare ya cinye miki darasin safe.

Fasfo ɗinki da takardunki ki ɗauki hotonsu, ki turo min, ki ajiye na ainihin a jaka ɗaya da za ki iya ɗauka cikin minti guda. Yaran unguwar nan da yaƙi ya ritsa da su a Khartoum a watan Afrilun 2023, waɗanda suka yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su, da yawansu sun dawo ba sakamakon jarrabawa ba shaidar karatu, suka sha wuya kafin wata jami'a ta karɓe su. Ingila ba Sudan ba ce, amma gobara da ɓarawo babu inda ba su.

Kada ki damu da masu cewa na tura 'ya mace ita kaɗai ƙasar Turawa. Ni suke gaya wa, ni kuma nake ba su amsa, ko a jiya bayan sallar isha'i na ba wani. Na san wadda na haifa. Idan wani ya nuna yana sonki, ko yana da fasfon Birtaniya ko ba shi da shi, ki ba shi lambar Kawunki, mai gaskiya ba ya tsoron manya. Wanda ya fara da yi miki alkawarin takardun zama kuwa, ko mai sayar da takardar ɗaukar aiki a kan dubban fam, ki yi nesa da shi. Batun zama bayan karatu za mu yi shi a nutse. Abin da ya kamata ki sani dai, izinin aiki na shekara 2 da ake ba waɗanda suka gama zai koma wata 18 ga duk wanda ya nema daga 1 ga Janairu, 2027, sakamakonku kuma daf da lokacin zai fito. Zuciyata tana so ki dawo, asibitocinmu na ƙauye suna buƙatar irinki, amma ba zan yanke miki hukunci daga nan ba.

Abin da nake jira daga gare ki kafin Juma'a mai zuwa bayan isowar takardar nan: ki ɗauki biro ki rubuta min abin da kike kashewa a wata, haya, wuta, bas, abinci, waya, kowanne da adadinsa, da abin da ya rage a asusunki a ranar, ba ragi ba ƙari. Ki haɗa da hoton yarjejeniyar haya da amsar ofishin kuɗi. Ni da ke kawai, ba sai Mamanki ta gani ba in kina jin nauyi. Za mu riƙa yin haka farkon kowane wata, ni ma in riƙa turo miki nawa lissafin.

Mamanki tana gaishe ki, ta ce daddawar ki juye ta a kwalba mai murfi tun kafin ta cika wa mutane gida. Auta ya shiga aji uku, yana tambayar ko dusar ƙanƙara ta fara sauka. Hajiya Babba ta ji sauƙin ƙafar, kullum sai ta sa miki albarka.

Allah ya tsare ki, ya ba ki ilmi mai amfani, ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Baba